Wadda Ake Kira a Ƙarshe

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewa, da fatan kina lafiya, da Inna da ciwon gwiwarta, da maigidan, da yara, da keken ɗinkin nan naki da ba ya hutawa. Ni ma lafiyar jiki dai, alhamdu lillahi.

Kin yi min tsiya a wasiƙarki, wai tunda na hau jirgi na koyi rowar magana. Ba rowa ba ce, Yaya, abin faɗin ne ba daɗi. Wata goma sha huɗu ina koyar da lissafi a makarantar nan ba wanda ya ji kaina, yanzu kuwa har mai goge taga ya san sunana.

Ga abin da ya faru. A nan, in ka gyara takardar gwaji, ninke ta ake yi ka ajiye wa yaro a kife a kan teburinsa, kamar mai miƙa cin hanci. Na bi su a haka shekara guda ina cizon yatsa. To 'yan ajin ƙarshe da ke hannuna su ashirin da shida ne, saura wata uku su zauna babbar jarrabawa, amma sai hamma suke yi min. Na ce bari in tashe su yadda aka tashe mu. Na jera takardun daga mai maki mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, na tsaya gaban allo ina kiran suna da maki, kowa ya taso ya karɓa.

Ta ƙarshe wata yarinya ce da ke zama a can baya, bakin taga. Kullum tana tauna bakin hannun rigarta, ban taɓa jin muryarta sosai ba. Goma sha ɗaya ta ci cikin ɗari. Ta taso tun daga baya har gaban allo, ba wanda ya ko yi dariya. Na miƙa mata na ce, "Kin ga inda kike, saura ki san inda za ki." Ta karɓa, ta koma ta haɗa jakarta ta fita. Yau kwana takwas ba ta dawo ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Shugabar sashenmu, wadda nake ce wa Mai Murmushi, da ma tana jira na. Watannin baya a taron malamai ta rubuta amsoshin gwaji a allo, na miƙe na nuna mata amsar tambaya ta bakwai ba daidai ba ce. Kuma wallahi ba daidai ba ce. Tun ranar murmushinta ya ƙara faɗi. Yanzu uban yarinyar ya kawo ƙara, ita kuma ta rubuta rahoto shafi huɗu ta kai wa shugaban makaranta, wai na muzanta ɗaliba a gaban 'yan'uwanta.

Muzantawa! Ban zage ta ba, ban taɓa ta ba, abin da ta ci na faɗa. Raina a ɓace yake ƙwarai. Kada ki gaya wa Inna, ki ce mata aiki ne ya yi yawa.

Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata abar alfaharina,

Sallama da gaisuwa irin ta koyaushe. Ya jikin Inna? Na ji daɗi da kika ce ta fara taka ƙafar har bakin ƙofa. Allah ya ƙara sauƙi.

Na karanta shawararki, cewa in ba da haƙuri tunda ni baƙuwa ce. Ke da ma haka kike, a taka ki ki ce ƙafar mutum ba ta ji ciwo ba dai ko. Ni ba a yi ni da irin wannan halin ba.

Mako biyu ke nan Mai Murmushi na shiga duk darasina. Takan ja kujera ta zauna a baya da takarda mai gidaje-gidaje, in na ɗaga murya ta yi alama, in na nuna yaro da yatsa ta yi alama. Ina rubutu a allo ina jin ƙarar bironta a ƙeyata. Ranar Talata har na rikice a lissafin da nake yi tun kafin a haifi yaran nan, wani daga cikinsu ya gyara min. A ɗakin malamai kuwa, ina tura ƙofa hira ke mutuwa, kowa ya duƙufa a kan kofinsa.

Jiya shugaba ya kira ni ofis. Mutum ne mai sanyin murya, irin masu yanka ka suna ce maka sannu. Ya ce hanya biyu ce. Ko dai in ajiye aiki da kaina kafin Juma'ar ƙarshen wata, a rufe maganar, ya ba ni takardar shaida mai tsabta wadda zan nemi aiki da ita a ko'ina. Ko kuma in tsaya kwamiti ya zauna a kaina, daga nan duk abin da aka rubuta ya shiga fayil ɗina, ya bi ni duk makarantar da na nufa, a nan ko a gida. Kin dai gane, Yaya, malamin da ba shi da takardar shaida ya gama koyarwa. Shekara goma sha shida na yi ina wannan aiki, kuma ban iya wani ba.

Akwai wani dattijo mai koyar da tarihi, shi ma baƙo ne, ya kai shekara ashirin a nan. Shi kaɗai ke zama kusa da ni. Ya raka ni har tashar bas yana cewa, "Malama, karɓi takardarki ki tafi tun ƙofa na buɗe. Na ga uku sun tsaya wa kwamitin nan, ba wanda ya fito da rigarsa. Baƙo ko da ido makaho ne." Na ce masa in na tafi yanzu ai na amsa laifi ke nan. Ya ce, "To ki amsa mana, laifi ciwo ne?"

Na rubuta takardar ajiye aikin, tana cikin jakata. Amma duk lokacin da na taɓa ta sai in ga fuskar Mai Murmushi ranar da za ta ji na gudu, sai zuciya ta ciyo ni. Saura kwana tara. Ki sa ni a addu'a.

Taki har kullum,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa gare ki da duk mutanen gida. Wannan gajera ce, hannuna ba ya son biro kwanan nan.

Juma'ar ta wuce, ban miƙa ba. Na je har ƙofar ofishin shugaba da takardar a hannu bayan an tashi. Ƙofar gilashi ce, sai na hango Mai Murmushi a zaune ciki ta ɗora ƙafa kan ƙafa, ta ɗago ta yi min wannan murmushin nata. Na juya na sauko. Ina cikin bas na yayyaga takardar na zuba a jaka. A lokacin daɗi na ji, ba zan ɓoye miki ba.

Ina da abin kare kaina. Na sake yi wa ajin gwaji, kusan kowa ya ƙaru, wasu da maki goma, wasu da ashirin. Na zana shi a babbar takarda da jan biro da shuɗi, zan shimfiɗa wa kwamiti su gani da idonsu. Abin da ban zana ba shi ne, yanzu in na yi tambaya ba mai ɗaga hannu. Suna aiki kamar ana bin su da bulala, in an kaɗa ƙararrawa su fice ba mai waiwaye. Teburin bakin taga har yau ba kowa, ƙura ta fara hawa kansa.

Dattijon tarihi ya daina zama kusa da ni. Ya ce in yafe masa, saura shekara biyu ya yi ritaya. Ban ga laifinsa ba, amma na ji ciwo. Abincin rana yanzu a aji nake ci, ni da kujeru.

Kwamiti zai zauna ranar Laraba ta sama.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ki lafiya, ke da Inna da kowa. Roƙona ɗaya, kada ki ba babbar 'yarki ta karanta miki kamar yadda kuka saba. Ki karanta da kanki, ko zai ɗauke ki kwana biyu.

Kwamiti ya zauna. Mutum biyar ne a bayan dogon tebur, da shugaba, da Mai Murmushi a gefe, sai uban yarinyar. Direban bas ne, da rigar aikinsa ya zo, hularsa a kan gwiwa. Na shimfiɗa babbar takardata na yi bayani kusan rabin awa, kin san bakina. Sun saurara, ba wanda ya katse ni.

Sannan aka ba uban dama. Na zaci zai yi faɗa, har na shirya masa. Bai yi ba. A hankali ya ce 'yarsa ta yi shekara biyu a gida ba ta iya shiga aji, in ta doshi ƙofar makaranta sai amai. Shi ya riƙa sauya lokacin aikinsa yana rako ta, da farko zuwa bakin ƙofa, daga baya zuwa baranda, har ta yarda ta zauna bakin taga inda take ganin waje. Ya ce goma sha ɗayan nan shi ne karo na farko da ta zauna gwaji har ƙarshe ba ta gudu ba, kuma ranar da safe ta ce masa ko nawa ta ci za ta kawo masa ya gani. Makon jiya ya sa hannu an cire sunanta daga masu zana babbar jarrabawa, don ta koma ɗaki ta rufe.

Duk wannan yana cikin fayil ɗinta, Yaya. An ba ni shi tun farkon shekara, ban buɗe ba. Na ce ni lissafi aka ɗauko ni in koyar.

Da na yi shiru a nan, da ya fi min. Amma bakin nan nawa ya ce, "Mu haka aka yi mana a makaranta, kuma ga ni, ban mutu ba."

Ya dube ni ya ce, "Malama, ke ta nawa ake kiran ki?"

Na ce ta ɗaya.

Ya ce, "To ta ƙarshen fa, tana ina yanzu?"

Tambaya ya yi tsakani da Allah, ba gatse ba. Kuma na san amsar, ke ce. Aji biyar, Yaya, shekarar da aka maimaita miki aji karo na biyu na tarar da ke. Dogon malamin nan mai tabarau yana tsaye da takardu a hannu. Ni ake fara kira, in karɓa in zauna ina lissafin yadda zan ruga in nuna wa Baba. Ban taɓa sauraron ƙarshen kiran ba. Na dai san nakan isa gida ni kaɗai, ke sai can ki shigo ta ƙofar baya. Da hutu ya ƙare kika ce allura ta fi miki biro, aka yi dariya, aka kai ki wurin tela. Shekara talatin ina ba mutane labari cewa Yayata ba ta son boko. Har a gabanki na sha faɗa, kina taya ni dariya.

Ban jira hukuncinsu ba. Na nemi takarda a wurin magatakarda na rubuta ajiye aiki a nan kan teburin. Shugaba ya karɓa, ya ce cikin sanyin muryarsa lokacin wancan tayin ya wuce, dole takardar shaidata ta nuna na tafi ana bincike a kaina kan muzanta ɗaliba. Na ce ya rubuta. Kwana goma sha biyu kacal tsakanin tsabtatacciyar takarda da wannan, kuma ni na zaɓa. Koyarwa ta ƙare min, na sani, ba makarantar da za ta ga wannan layin ta ba ni aji.

Na bi uban har bakin matakala na ce ina so in ga 'yarsa in ba ta haƙuri. Ya sa hularsa ya ce, "A'a, Malama. Haƙurin ke zai yi wa amfani, ba ita ba." Mai Murmushi ce ta taya ni ɗaukar kwalin littattafaina zuwa ƙofar fita. Ba ta yi murmushi ba.

An ba ni wata ɗaya in bar ƙasar, tunda izinin zamana a kan aikin yake. Zan sauka a gidanki in kin yarda. Inna kuwa ni zan gaya mata da bakina.

Ina jin kunyarki, Yaya, kunyar da ban san inda zan sa ta ba. In na zo kada ki ce min ba komai, kada ki ce ya wuce, na san halinki. Ki ajiye ɗinkin ki zaunar da ni, ki gaya min abin da kike ji lokacin da kike tahowa daga bayan aji zuwa gaban allo, ni kuma ina zaune a layin farko ban ko ɗago kai ba. Wannan karon zan tsaya har a gama.

Ƙanwarki mai neman gafararki,
Auta