Mudun Inna Ba Kwart Ba Ne

Damyang, 3 ga Satumba, 2004

Zuwa ga ƙanwata Okbun,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya can ƙasar waje a Tacoma, ke da maigidanki da yara. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan. Mu nan da sauƙi. Gwaggo Malsun ta daina gane mutane, amma tana cin abinci.

Kin san har yau ban huce ba da kwashe ganjang ɗin Inna da kika yi, ruwan daddawar waken suyan da ta gada wurin kakarmu. Ba a tashi daga zaman makoki ba kika juye randar a jarkoki, wai gwauro ba ya iya riƙon randa. Na haɗiye maganar, tunda kowace kaka kina aiko mini 'yar kwalba in zuba a miyar tunawa da ita.

Jiya 'yarki Hyerim ta bugo waya tana kuka. Ta ce bana kun haɗa sabo, kika ce mudun gishiri ɗaya na awon Inna daidai yake da kwart ɗaya, ma'aunin can ƙasarku, haka kika saba gani a Seoul. Okbun, wannan ƙaramin mudu ne na mutanen birni. Na Inna babba ne, irin namu na kudu, mililita dubu da ɗari takwas yake ci. Kwart kuwa ɗari tara da arba'in da shida. Raba ki gani, kaɗan ya rage ya cika biyu. Ruwa kun auna daidai da lita, gishiri kuka zuba rabi. Sannan kika tuttule tsohon a kai don sabon ya ɗauki ɗanɗano, ko ludayi ba ki rage ba. Zafi na shigowa ya yi tsami, ya ruɓe.

Rabin rayuwata na ƙarar ina koya wa 'ya'yan wasu lissafi, mudun kuma yana nan kan kanta a ɗakina. Na tambayi Hyerim me ya hana ku kira ni. Ta ce cewa kika yi, "Rabu da Yaya, karatu zai yi mana har katin waya ya ƙare."

Ki gaishe da maigidanki Deokgi da ƙaramin ɗanki Minchol. Ki ce wa Hyerim ta share hawaye, ba ita ta auna ba.

Ranar tunawa da Inna ta kusa, da ganjang ɗin kanti zan dafa miyar. Abin da kika aiko bara ya ƙare tun bazara, har na wanke kwalbar don na ɗauka wata na tafe. Na Inna babu saura, nan da can.

Yayanki,
Panseok