Wani yana neman sunan Babanmu a shafina, shi kuma Baba ya rasu

Assalamu alaikum admin da mutanen wannan gida. A ɓoye sunana, sunayen da zan kawo ma duk na canza su, wanda ya gane ni kuma ya rufa min asiri. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana biyar ina juya magana ɗaya a kaina na kasa yanke komai.

Ni malamin makaranta ne, ina koyarwa a Ajingi amma gidanmu a Kademi yake. Shekara biyar da suka wuce na buɗe wani ɗan bulog a intanet ina rubuta abin da ya shafi noman gyaɗa da gero da Hausa, ba don komai ba sai don Babanmu mutum ne da ya san ƙasa, in ya damƙi ƙasar gona ya murza a hannu zai gaya maka ko ta isa shuka. Duk abin da ya faɗa sai in rubuta a littafi, in na samu data in ɗora. Kusan kowane rubutu da "Baba ya ce" yake farawa. Masu karantawa ba su da yawa, ni dai ina jin daɗin abina.

A cikin shafin akwai inda yake nuna min kalmomin da mutum ya rubuta a wajen bincike har ya faɗo wurina, da ƙasar da yake. Da can wannan wurin shi ne abin dariyarmu ni da matata. Wani ya rubuta "fassarar mafarkin gyaɗa soyayya", wani "me ya sa akuyata take cin leda", wani "ko ƙuli-ƙuli yana sa tumbi". Akwai wanda ya rubuta "yadda ake hana jaki kuka da asuba", har yanzu ban san me ya kawo shi wurina ba, don ban taɓa rubuta komai a kan jaki ba. In na karanta wa Baba sai ya girgiza kai ya ce mutane ba su da aiki.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane matsalar. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira shi Yaya Sabi'u. Shekara goma sha ɗaya ke nan rabonmu da shi. Ranar cirar gyaɗa suka yi faɗa da Baba a gona, shi Yaya yana so a bar shi ya tafi nema, Baba ya ce babu inda za shi. Magana ta yi zafi, Baba ya ɗaga sanda, Yaya ya ture shi, Baba ya faɗi a kan kunyar gyaɗa ƙafarsa ta gurɗe, a gaban 'yan aiki da maƙwabtan gona. A nan Baba ya ce kada ya sake tako masa gida, ko gawarsa bai yarda ya gani ba. Washegari Yaya ya shiga motar Kano, tun daga nan babu waya babu saƙo. Mun taɓa jin an ce an gan shi a Agadas, shi ke nan. Baba ya ci gaba da ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa, sunan Yaya kuma ba a ƙara kiransa a gabansa ba.

Bara cikin azumi Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, bakinsa ya daina magana. Muka kai shi asibiti a Gaya, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. A kwana na huɗu Inna, mahaifiyarmu, ta sunkuya ta ce masa, "Malam, ka yafe wa Sabi'u." Ya kalle ta, hawaye ya gangaro ta gefen idonsa, ya juya kai bango. Inna ta ce yafiya ce. Ni ina tsaye a wurin, wallahi ban san ko mece ce ba, don idon nan dama tun da ciwon ya same shi yake zubar da ruwa.

Ban yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, kukan ne bai zo ba. Na karɓi gaisuwa, aka yi sadakar uku, na koma makaranta na ci gaba da koyar da darasi. Ina ci ina sha amma kamar wani ne yake yi ina kallonsa. Shafin ma ban rubuta cewa Baba ya rasu ba. Akwai sauran maganganunsa a littafina da yawa, sai na ci gaba da ɗora su kamar yadda na saba, "Baba ya ce kada a bar harawa ta kwana a raɓa", "Baba ya ce". Ban yi niyyar yaudarar kowa ba, kawai a nan ne kaɗai ban ji an ce marigayi ba.

Wata huɗu da suka wuce na buɗe wurin kalmomin nan, a tsakanin masu mafarki da masu akuya sai na ga cikakken sunan Baba, da Kademi a bayansa. Ƙasar da aka nuna Aljeriya. Na ce ko wani ɗan garinmu ne. Sati na gaba aka rubuta "gonar bakin kududdufi Kademi", wato gonar da abin ya faru. Bayan nan aka rubuta sunan da ake tsokanata da shi ina yaro, wanda ko matata ba ta sani ba. Duk ranar Juma'a ne, ina jin ranar yake samun hutu. Sai wata Juma'a na ga sunan Baba, an ƙara da "yana raye".

A nan ne na yi abin da nake jin kunyarsa. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na nemo tsohon hoton hannun Baba riƙe da ɗanyar gyaɗa, na ɗora, na rubuta cewa bana Baba ya ce gyaɗa ta yi albarka. Ina yi ina kallon yatsuna suna dannawa, ban ji tsoro ba ban ji komai ba. Juma'ar da ta biyo baya aka bar saƙo a ƙarƙashin hoton, babu suna: "Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ƙafarsa ta daina ciwo?" Ban amsa ba. Sati uku shiru, sannan na biyun ya shigo, shi ne na kwana biyar da suka wuce: "Ni ne. Ina so in taho bayan sallah in durƙusa a gabansa. Ka tambayar min shi ko zai yarda ya gan ni. In ya ce a'a ba zan zo ba."

Na je gida na samu Inna tana tsinkar zogale, na karanta mata. Ta ce in sake karantawa, na sake. Ta ajiye tiren ta ce, "Ka ce masa Malam ya ce ya zo." Na ce Inna ƙarya fa ke nan, a kan mamaci. Ta ce, "Ni na haife shi, na san shi. In ya ji Malam ya tafi bai yafe masa baki da baki ba, ba za mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ka kawo min ɗana, zunubin a kaina." Matata kuma ta ce ba daidai ba ne, mutum ya ratso sahara da ransa a hannu yana shirya abin da zai faɗa wa ubansa, ya zo a nuna masa kabari, ta ce ranar ba Baba kaɗai zai rasa ba har da ni, don zai gane shekara guda ina sa mamaci magana. Kwana biyu ita da Inna gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Na duba ta kowane ɓangare. In na faɗi gaskiya, wataƙila ya ɓace kamar da, ba ni da lambarsa, ban san garin da yake ba, wannan ɗan akwatin saƙon shi ne kaɗai hanyar da ke tsakaninmu, Inna kuma ta tsufa. In na bi maganar Inna, na ƙara ƙarya a kan ƙarya, in wani abu ya same shi a hanya ni na kira shi. In kuma na ce masa Baba ya rasu amma ya yafe, to shaidar abin da ban tabbatar ba na bayar, zai kuma tambaye ni me Baba ya ce, Baba kuwa bai ce komai ba. Abin da ya fi damuna, ya kamata a ce ina murna ɗan'uwana yana raye, ko ina jin haushinsa, amma babu ko ɗaya. Ina jin abin kamar takardar jarrabawar da aka ba ni in yi maki.

Malamai da ke cikin gidan nan, da iyaye mata, da duk wanda ya taɓa rasa uba yana nesa, ku gaya min. Na buɗe wurin amsa na rubuta "Yaya", na tsaya a nan. Jibi Juma'a, zai duba. Me zan rubuta masa?