Kwalaben da Kulu ba ta ɗanɗana ba

Assalamu alaikum, Sani, maigidana marar cefane. Ina gajiya, ina sanyin Faransa? Yaya karatu, yaya jikinka? Mu nan Bodinga lafiya lau, albasa ma ta yi kyau bana.

Ka tuna ruwan inabin da ka aiko mini, kwalba biyu, ja da fari, wanda ka rantse babu giya ciki? Kyawun kwalaben ya sa na jera su bisa kwanonina, na hana kowa taɓawa. Ƙanwata Kulu, wadda ba ta ganin abin sha ta ƙyale, sau uku tana hawo babur daga Kajiji tana cewa, "Yaya, buɗe mu ji abin da Turawa ka sha." Ni ko kullum in ce mata sai Sallah.

Sani, Kulu ba ta kai Sallah ba. Ka ji rasuwar, amma wannan ba ka ji shi ba.

Bayan addu'ar arba'in na buɗe su ni kaɗai. Jan kamar zoɓon da anka manta sa wa citta, yana kama harshe. Farin ya fi daɗi, tsami-tsami, da ƙanshin ɗanyen mangwaro. Da tana nan da ta yamutsa fuska ta ce an cuce ka, mu yi ta dariya. Har na juya in miƙa mata kofin, sai na ga tabarma ba kowa.

Ka sa ta cikin addu'a, ni ma ka roƙa mini gafara. Ka gai da abokan zamanka. In za ka sake aiko wani abu, don Allah ka zuba shi cikin mummunar kwalba.

Kakarka, Asabe