Mayafin Mama a Tsohon Rumbu

Kalisz, 9 ga Oktoba, 1964

Zuwa ga Yayata Lodzia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Bolek da yara. Ya ƙafar Mama? Ina fata kun gama haƙar dankali kafin ruwa ya ɓata shi.

Kin tambaye ni wane irin wasan kwaikwayo ne muke yi da har yau ba a ga hotona a jarida ba. To ga shi. Mu tara ne, a wani tsohon rumbun hatsi bayan tashar jirgi. Pan Garstka, wanda ya kafa gidan, tun ranar farko ya sa aka fasa dandamali aka yaye labule, wai su suka mai da wasa ƙarya. Ba kwalliya, ba tafawa. 'Yan kallo talatin kacal, a kan benci, kusa da mu har mukan san wanda ya ci tafarnuwa. Dokarsa guda ce, ba abin jabu a ɗakin nan. In ruwa ne ruwa, in mari ne mari.

Ni ne gawa. Kada ki yi dariya, shekara guda na yi ina koyo. A ƙarshen wasan nakan kwanta kan tebur ba riga, minti ashirin, kuma ba na tashi sai mutum na ƙarshe ya fita. Ba a hura murhu, wai don a ga tsikar jikina ta tashi. Kullum bayan an watse sai Pan Garstka ya hau faɗa: "Na rushe musu katanga, sun zauna mini kamar buhunan kabeji! Ko mutum ɗaya ba ya motsi!"

Kin ce Mama na son zuwa. Ki hana ta in za ki iya. In ta ƙi, ki ce ta zauna kamar yadda take zama a coci.

Ki gaida kowa. Ƙaninki,
Ignacy

Kalisz, 14 ga Disamba, 1964

Yaya Lodzia,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga wasiƙarki. Kin ce Mama ta dawo gida ba mayafi, tana karkarwa, ta ƙi faɗin inda ta bar shi. Yana wurina.

Ta iso gab da fara wasa, da kwandon cuku da tuffa. Mai tsaron ƙofa ya karɓe kwandon, ta ce masa, "Na ƙirga su, ɗan nan." Ta zauna a bencin gaba tana kallo har na kwanta. Ranar dusar ƙanƙara ta sauka. Idona a rufe, sai na ji takun takalmin nan nata. Na ji an lulluɓe ni da abu mai nauyi, mai ƙanshin hayaƙi da tuffa, aka cusa bakinsa ƙarƙashin ƙafafuna kamar yadda take mana muna yara. Mayafin ulun nan ne mai ruwan toka, wanda Kaka ta saƙa.

"Ignas, mura za ka kwasa," in ji ta. Sannan ta juya ga jama'a: "Ku kuma manya da ku, kun zuba masa ido."

Ban motsa ba. Gawa ba ta tashi sai ɗaki ya zama wayam, ita kuma jirgin ƙarfe bakwai take son kamawa. Ta daɗe tsaye a kaina. Ina jin numfashinta. Da na tashi, ta riga ta tafi. An ce Pan Garstka ya bi ta har bakin ƙofa ya sumbaci hannunta yana hawaye, ta ce masa, "Kai ne babbansu? Ka sayi gawayi."

Na ɗauka korata zai yi. Ina! Washegari ya zaunar da Apolonia, babbar 'yar wasanmu, cikin 'yan kallo da tsohon kwat, ya ce kullum ta tashi ta yi abin da Mama ta yi, da mayafin nan dai. Kwana biyu tana gwada takun Mama, har da ɗingishin. Ta iya fiye da Mama.

Da zarar an rufe wasan a bazara zan aiko shi. Ki ba ta shayi da zuma.

Naki,
Ignacy

Kalisz, 2 ga Nuwamba, 1965

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Bolek. Ya tarin Mama? Me likita ya ce?

Wasiƙarki ta yi zafi, kuma ban ce ba ki da gaskiya ba. Bazara ta wuce, ba a rufe wasan ba. Yanzu daga Warsaw ake zuwa kallo, har da baƙi masu littafin rubutu a gwiwa. Wani ya rubuta cewa lulluɓe gawar nan shi ne abu mafi girma da Pan Garstka ya ƙirƙiro. Pan Garstka ya karanta mana, bai gyara ba, mu ma ba mu gyara ba.

Kin ce sabon mayafin da na saya na aiko, Mama ta ninke shi ta sa a akwati, ba ta taɓa yafawa ba. Ya fi tsohon kauri, na tabbata.

Kada ki ce ban nema ba. Na sami Pan Garstka na ce a ba ni kayan uwata. Ya ce, "Ɗauki mana, ɗan Mama. Amma mu gwada wani tukun." Aka kawo bargo, aka kawo mayafin matar mai tsaron ƙofa. Apolonia ta lulluɓe ni, na kwanta kamar itace. Aka dawo da na Mama, sai ga jikina yana rawa da kansa, daga ƙafa har haƙora. Abin da mutane ke zuwa gani ke nan, kuma ban iya yin sa da gangan. Ya ce, "Ka gani? In ka ɗauke shi ka ɗauke wasan. Sai ka bi shi, ƙofa a buɗe take."

An gayyace mu Italiya a watan Fabrairu, takardun fita sun kusa fitowa. Mutum takwas sun shekara bakwai suna jiran wannan, ni ma haka. Ba zan ɓoye miki ba, ina son zuwa. Muna dawowa zan kawo shi da hannuna, kafin Ista.

Ki ce wa Mama ina gaishe ta. Ƙaninki,
Ignacy

Bologna, 6 ga Maris, 1966

Yaya Lodzia,

Ina fata wannan ta same ki cikin haƙuri. Ya gajiyar baƙi? Ki gode wa Bolek da ya tsaya kan komai a madadina.

Wasiƙarki ta bi mu gari uku kafin ta same ni, kwana tara bayan an binne Mama. Shekaranjiya da rana aka miƙo mini ita, saura awa biyu wasa. Na karanta sau biyu. Kin ce da sabon mayafin ta ce a sa ta a akwatin gawa, tunda Ignas ne ya saya, don wannan ranar ta ajiye shi. Kin ce da kika yi mata zancen tsohon, kina zagina, sai ta ce, "Ke rabu da shi. Ni na bar masa. Har yanzu ba su ba shi riga ba."

Shekara guda da wata uku ina shirya abin da zan faɗa mata in na kawo shi. Ashe ba ta jiran sa.

Na yi wasan. A nan ma mutum talatin, a wani tsohon sito. Na kwanta, na ji takun Apolonia, ɗingishin nan, na ji nauyin ulu. Da ta zo cusa bakinsa ƙarƙashin ƙafata sai na kama hannunta na ce, "Na gode, Mama. Ki tsaya in raka ki tasha." Da ƙarfi na faɗa. Apolonia ta daskare. Baƙin ba su ji yarenmu ba, amma an ce wasu sun yi kuka.

Bayan an watse Pan Garstka ya zo ya dafa kafaɗata. Ya san labarin rasuwar, ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata. Sannan ya ce, "Wannan da ka yi, mu riƙe shi. Gobe ka maimaita, amma ka ɗan jinkirta kafin ka kama hannun."

Ban ji haushinsa ba. Haka yake, kuma da ba haka yake ba da babu gidan. Mai yiwuwa nan gaba a sa sunansa a littattafai, ya kuwa cancanta. Na dai ninke mayafin na sa a jakata a gabansa. Ya tuna mini abin da ya faɗa game da ƙofa, na ce ban manta ba. Jiya da bargo suka yi wasan, wani ne gawa.

Jirgina zai iso ranar Alhamis da hantsi. Kada ki dafa komai. Ki dai zo ki nuna mini inda take, don ban san wurin ba. Ban san abin da zan yi da mayafin ba in na je. Kin dai ce a wasiƙarki har yanzu ana sanyi a can.

Ƙaninki,
Ignas