Numfashin Tarakta

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa. Ƙanwarka lafiya, yayarka lafiya, jaririnta ne ke mura. Babanku har yanzu ɓarin damansa bai motsa ba. Tarakta ma ba ta da lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, da furfura na koya.

Ƙanwarka ta buɗe murfin baƙin mai, ta ga wani farin abu kamar lalatacciyar madara. Baffanka ya ce inji ya tsage, ruwa ya shiga, har ya kira mai sayen ƙarafa ya zo ranar Asabar. Ka san kullum da safe muna tayar da ita kaɗan don babanku ya ji ƙararta, sannan yake yarda ya ci abinci. In aka ɗauke ta, me zan ce masa?

Mahaifiyarka.

Inna,

Ina gaishe ku. Baffa ko keke bai taɓa gyarawa ba, kar a sayar.

Wannan tayarwar taku ta safe nake zargi. Injin bai kai ga yin zafi ba kuke kashewa, gumi ya taru a ciki, tsohon inji kuma ba shi da hanyar fitar da shi. A kira makanike ya huda murfin sama ya sa mata bututun numfashi, a canja mai, ta yi aiki har ta ɗau zafi sosai. A sa ido kan ruwan lagireto. In bai ragu ba, gumi ne. In ya ragu, Baffa ya yi gaskiya.

Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Ɗanki.

Ɗana,

An sa bututun. Ƙanwarka ta ja tarakta zuwa gona, babanku ya rantse sai an ɗora shi. Da zanena muka ɗaure shi a gefen kujera. Tururi ya yi ta fita. Ya dawo ya cinye abincinsa, har ya nemi ƙari.

Amma na auna ruwan da tsinke, kafin su tafi da bayan ta huce. Ya ragu kamar faɗin farce. Ban gaya wa kowa ba. Wannan raguwa ce, ko ba raguwa ba ce?

Baffanka na zaure yana jira. Don Allah ka amsa kafin Asabar.

Mahaifiyarka.