Ƙamshi a Rijiyar Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya ciwon ƙafar nan taka? Mu nan lafiya lau. Baba ma yana nan da ƙarfinsa, kullum yana cikin lambu yana faɗa da tsuntsaye.

Ka tambaye ni labarin aiki. To, an yi sauyi. Kwanakin baya kamfani ya tara mu a babban ɗakin taro, daga masu haɗa man shafawa da sabulu har mu masu wanke tankuna. Manya suka zo daga hedikwata, suka ce kamfani ya yi wa duniya alkawarin zai rage ruwan dattin da ke fita daga masana'anta da rabi. Aka raba mana korayen riguna da huluna, muka yi ta tafi kamar an yi mana ƙarin girma. Ni har cikin raina na ji daɗi, don na san irin abin da ke fitowa daga tankunan nan.

Ashe mu ne ruwan dattin, Yaya. Ba a jima ba aka rufe sashen wanki, aka sallame mu, aka ba wani ɗan kwangila aikin. Shi kuma ya sake ɗaukar mu aiki, mu ɗin dai, ba safar hannu, ba takalman roba, ba asibiti. Yanzu mota ke kawo mana tankuna da ganguna mu wanke a waje. Ka san inda ya kama haya? Tsohon filin buga bulo da ke bayan lambun Baba. Uwar yara ta ce in gode wa Allah, ko ba komai na huta da hawa mota. Na gode ɗin.

Ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an ce ƙaramar 'yarka ta fara tafiya, Allah ya raya ta. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, raina ne a ɓace.

Filin da muke wanki ba shi da ramin tace ruwa irin na masana'anta. Kwata ce kawai ɗan kwangila ya sa aka haƙa, ta bi gindin katanga ta gangara. Ka san gangaren nan inda ya nufa. Da farko kumfa ce fara ta fara taruwa a bakin shingen Baba. Sai ganyen tumatir ya soma naɗewa, latas ya yi rawaya. Yanzu idan aka jefa guga a rijiya, ruwan da ke fitowa ƙamshin fure yake yi. Yara suna dariya, wai Kaka ya buɗe shagon turare. Matan unguwa da ke ɗiban ruwa a wurinsa duk sun daina zuwa, wata ta ce jikin jaririnta ya yi ƙuraje.

Na sa koriyar rigata na tafi kamfani, na nemi jami'ar kula da muhalli. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta karɓe ni da mutunci, har ta ba ni kujera. Ofishinta sanyi ƙalau, ga hoton wani kogi mai tsabta a bango. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce abin ya taɓa ta ƙwarai, amma su ruwan da ya fita ta bututun masana'anta kaɗai suke aunawa, abin da ya faru a wajen ƙofa na ɗan kwangila ne. Ta ce za ta yi masa magana. Ta kuwa yi, don washegari ya kira ni gefe ya ce, "Auta, in bakinka ya fi ƙarfinka, akwai masu jiran gurbinka a bakin titi."

Ban taɓa gaya wa Baba abin da muke zubarwa ba, shi ma bai tambaye ni ba. Ran nan na shiga gaishe shi bayan na tashi daga aiki, sai ya kama hannun rigata ya shinshina, ya sake ni, ya ci gaba da gyaran fartanyarsa. Da ma zagina ya yi.

Ka taya mu da addu'a.

Ƙaninka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Wannan karon ba zan ce maka muna lafiya ba.

Wataƙila ka gani a talabijin, kamfaninmu ya karɓi lambar yabo. Sun cika alkawari tun kafin lokacin da suka ɗiba. Don murna suka fito rabon itatuwa a unguwannin da ke kusa. Suka zo har ƙofar lambu da motarsu da mai ɗaukar hoto, wata budurwa mai fara'a ta miƙa wa Baba ɗan itace a leda, ta ce ya dasa don jikokinsa. Ina leƙe ta kan katanga, tiyo na hannuna. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, sannan ya ce, "'Yata, da wane ruwa zan ba shi?" Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne irin na tsofaffi. Aka ɗauki hoto, suka wuce gaba.

A ranar ya tumɓuke abin da ya rage a lambu, ya tara ya ƙona. Ya ɗora tsohon ƙyaure a bakin rijiya ya danne da duwatsu, don kada wani yaro ya sha. Rijiyar da kai da Baba kuka haƙa, Yaya, ina ƙarami ina kwashe muku ƙasa. Tun daga nan ba ya fita. Yana zaune a ƙofar ɗaki, abinci sai an yi da gaske. Idan na gaishe shi yana amsawa, amma ƙasa yake kallo.

Na san abin da za ka ce, in bar aikin. Na nema a wasu wurare ban samu ba, ga yara, ga uwarsu da tsohon ciki. Kuma ko na bari yau, gobe wani zai riƙe tiyon, kwatar ba za ta bushe ba. Wannan nake faɗa wa kaina kowace safiya, wani lokaci har in yarda.

Abin da nake roƙonka ɗaya ne. Ka zo ka tafi da Baba wurinka, ko na ɗan lokaci ne. Kada ka ce masa ni na nema, ka ce jikoki ne ke kewarsa. Hanyar wurin aikina ta gaban ɗakinsa ta bi, kuma kullum idan zan wuce sai ya ce, "A dawo lafiya." Ba zan iya ci gaba da jin wannan ba.

Ka zo da wuri.

Ƙaninka,
Auta