Warin da Ya Biyo Rigarka daga Bukuru

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, na ɗauki alƙalami ne a kan wani hukunci da na yanke maka ina saurayi, ban kira shaida ba, ban saurare ka ba.

Shekaru ka yi kana babban boyi a kulob ɗin masu haƙar kuza a Bukuru. Idan baƙi sun gama cin abinci, kai ne mai kawo siga, tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganye, ka zaɓo wiskin da zai zauna da ita lafiya. Ba kowane wiski ba, sai na sha'ir zalla, dafuwar gida ɗaya, marar gauraye. Kakan ce taba mai sanyin hali abokinta mai ƙamshin zuma ne, mai zafin rai kuwa sai mai ƙaurin hayaƙi, don kada wani ya danne wani. Kakan ce hanci ke maka aikin, harshenka bai taɓa shiga ba.

Unguwa ba ta yarda ba. Ka dawo Nasarawa Gwom da warin a rigarka, sahun sallah ya riƙa buɗewa a gefenka. Ran da liman ya yi tafiya, aka tsallake ka, aka gabatar da wanda bai kai ka karatu ba. Ba ka ce uffan ba. Na ɗauki shirunka amsa laifi, na sauya masallaci.

Makon jiya na ziyarci Mista Adebayo a Gada Biyu, Kirista ne, tsohon abokin aikina. Ɗansa ya aiko masa da siga da kwalaben wiski uku, ya rasa wadda zai buɗe. Na sunsuni tabar, na sunsuni bakin kowace kwalba, na nuna ta tsakiya. Ya kurɓa, ya zuƙi tabar, ya jinjina kai don gamsuwa. Ni shayi na sha.

Da na koma gida, surukarka Hajara ta karɓi babbar rigata, ta kai hanci, ta ɗago ta dube ni. Na san kallon nan, domin ni ma na yi maka shi. Na buɗe baki zan rantse, sai na ga rantsuwa ba ta wanke riga. Na yi shiru, irin naka.

Hayaƙi kan bi tufa, ba ya tambayar zuciya,
Hanci kan ba da labari, ba ya rantsuwa kan gaskiya.

Ba wanke sana'ar nake yi ba, Baba. Hukuncin mai ɗauka da mai miƙawa ka fi ni saninsa, wannan tsakaninka da Mahaliccinka ne. Amma abin da na zarge ka da shi, idona bai taɓa gani ba. Ka yafe mini.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya tashe mu a sahu ɗaya, kafaɗata a jikin taka.

Ɗanka,
Sabi'u